Minshari da Fuskar Mai Yin Sa: Ciwon da Hausa Ba Ta Raɗa wa Suna Ba



Ni ba likita ba ne, malamin Hausa ne, saboda haka ta ƙofar harshe zan shigo wannan magana. Bahaushe ya ce labarin zuciya a tambayi fuska. To, akwai wani labari da fuska take bayarwa kowace safiya a gidajenmu, mu kuwa muna yi masa gurguwar fassara.

Mu ɗauki misalin magidanci ɗan shekara hamsin, dillalin rake a kasuwar Makarfi. Allah ya buɗa masa, ya aje teɓa, wuya ya yi kauri. Da dare ana jiyo minsharinsa tun daga zaure. Da safe ya tashi fuska a kumbure, idanu jawur, baki a bushe, kai yana sarawa. Kafin azahar yana gyangyaɗi bisa benci ana tsakiyar ciniki. Abokai su ce hutu ne ya yi masa yawa. Uwargida kaɗai ta san abin da ake ciki, don ta sha jin minsharin ya ɗauke ɗif, ƙirji yana motsi amma iska ba ta wucewa, sa'an nan ya zabura da gurnani kamar wanda aka shaƙe. In ta faɗa, sai a ce mata dannau ne.

Wannan ciwo ba shi da suna a Hausa. Ba za mu ce masa "ciwon barci" ba, gama wannan suna yana da mai shi, watau cutar da ƙudan tsando yake kawowa, wadda saboda ita aka yi babban aikin sake matsugunin jama'a a ƙasar Anchau, maƙwabciyar Ikara, cikin shekarun 1930 da 1940, har aka kafa garin Takalafiya. Ni dai ina ba da shawarar mu kira shi "shaƙewar barci". Su ma Turawa ba su daɗe da gane shi ba; sai a 1965 ne likitoci a Faransa da Jamus suka auna masu barci suka bayyana yadda abin yake faruwa.

Ga yadda yake. Idan mutum ya yi barci, naman harshe da na maƙogwaro sukan saki. In maƙogwaron ƙuntatacce ne, ko don kitse ko don halitta, sai harshe da ganɗa da beli su koma baya su toshe hanyar iska. Iskar oksijin ta ragu cikin jini, ƙwaƙwalwa ta farkar da mutum na ɗan lokaci don ya ja numfashi, ya koma barci bai ma san ya farka ba. Likitoci sukan ƙirga duk yankewa ko raguwar numfashi da ta kai daƙiƙa 10. Daga sau 5 zuwa 14 a awa guda, ciwon mai sauƙi ne. 15 zuwa 29, matsakaici. 30 zuwa sama, ya yi tsanani. Wani ƙiyasi da aka buga a 2019 ya ce masu shi a duniya, tsakanin 'yan shekara 30 da 69, sun kai miliyan 936.

Ina ruwan fuska da wannan? A cikin barci mai nauyi ne jiki yake gyaran kansa, har da fata, wanda ake tasa sau talatin a awa kuwa da ƙyar yake kaiwa can. Bugu da ƙari, kowace shaƙewa takan sa jini ya hau, zuciya ta yi aikin da ya fi ƙarfinta. Sai ka ga goshi da kumatu sun tasa, fata ta dushe, fatar ido ta sama ta yi laushi ta zubo, har a wajen wasu takan juye da kanta in sun kifa fuska a matashi. A Suwidin, a 2010, an ɗauki hotunan mutum 23 bayan isasshen barci, aka sake ɗauka bayan an hana su barci, aka nuna wa mutanen da ba su san su ba. Masu kallo suka ga na biyun sun fi kama da marasa lafiya.

Abin ya fi ban tausayi ga yara, domin su ƙashin fuskar ne yake sauyawa. Yaron da naman bayan hancinsa da na gefen maƙogwaronsa suka kumbura yakan girma yana numfashi ta baki dare da rana. A hankali fuska ta yi tsawo, haƙoran sama su turo, haɓa ta ja baya, baki kullum a sake. Malami a aji ya ce daƙiƙi ne, alhali barci ne bai ishe shi ba. Yara masu amosanin jini sun fi shiga wannan hali. A nan ne iyaye sukan nufi wanzami ya cire beli. Ina girmama wanzamai, amma belin ba shi ne ya toshe hanyar ba, kuma yankan yakan jawo zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta. Aikin likitan kunne da hanci da maƙogwaro ne.

Ga manya, babban magani wata na'ura ce da ake kira CPAP, wadda likita Colin Sullivan na birnin Sidni a Ostareliya ya bayyana wa duniya a 1981. Ƙaramin famfo ne mai hura iska ta cikin tiyo zuwa takunkumin da ake ɗaurawa a hanci, ƙarfin iskar ya riƙe maƙogwaro a buɗe har gari ya waye. Na fara ganinta ne ina karatu a Ingila, a ɗakin dattijon da nake haya a gidansa, na ɗauka mutumin yana bakin mutuwa ne, ashe ya fi ni samun barci. A 2013, a Jami'ar Mishigan ta Amurka, an ɗauki hotunan majiyyata 20 kafin su fara amfani da ita da kuma bayan aƙalla wata biyu. Masu kallo, a mafi yawan lokuta, sun ga hotunan baya sun fi nuna kuzari da ƙuruciya, awo kuma ya nuna kumburin goshi ya ragu. Amma baƙin ƙasan ido bai gushe ba, kada wani ya saye ta don kwalliya.

Sai dai maganin ma yana da nasa tabo. Takunkumin da aka ɗaure tamau yakan ƙuje karan hanci, a fatarmu kuwa ƙujewa takan warke ta bar baƙin tabo mai daɗewa. Da bazara zufa ta taru ƙarƙashin robar, ƙuraje su feso. Da hunturu iskar ta busar da hanci, in kuma tana sulalewa ta gefe ta busar da ido. Mu da muka saba laftawa fuska basilin ko man kaɗanya kafin mu kwanta, mu sani maiƙo yana sa takunkumin zamewa, yana kuma lalata robar, sai mutum ya ƙara ɗaurewa, ciwon ya ƙaru. Masu shafa man bilicin fatarsu ta riga ta yi sirara, sun fi saurin rauni. Abin yi shi ne a wanke fuska ta bushe kafin a ɗaura, a wanke robar kowace safiya da sabulu marar ƙarfi, a sassauta maɗauri. Mai gemu da gashin baki ba sai ya aske ba, akwai irin wanda yake tsayawa a ƙofofin hanci kawai.

Na san wani zai ce, wa yake da wutar lantarki ta dukan dare a Hunkuyi ko Ikara? Gaskiya ne, sai an haɗa da batir da farantin hasken rana, kuma kuɗin ba kaɗan ba ne. Amma rage ƙiba yana rage ciwon ƙwarai, haka kwanciya ta gefe maimakon rigingine, da barin ƙwayoyin sa barci. Wanda bai yi komai ba kuwa, hawan jini da shanyewar ɓarin jiki suna jiransa. In direba ne mai jigilar rake ta Tashar Yari, haɗarin da yake ciki ya ninka na sauran direbobi sau biyu ko fiye.

Ku ma'aikata, in kun koma gida ku duba hoton da ke jikin katin aikinku, ku duba madubi, sa'an nan ku tambayi iyalinku abin da suke ji da dare. Wanda aka ce masa minsharinsa yana yankewa, ya sa a ɗauki sautin a waya, ya tafi da shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, tare da uwargida, don ita ce shaida. Ku kuma ɗalibai, in kun je hutu ƙauyukan Kudan da Makarfi, ku tambayi tsofaffi da wanzamai ko suna da wata kalma da suke kiran minshari mai yankewa da ita. In an samu, na janye tawa.