Dangin Kalmomi a Allon Scrabble

[Kiɗan buɗe shiri]

 Yau shirinmu na musamman ya shimfiɗa tabarmarsa ne a gaban wani allo mai gidaje 225, inda ake fafatawa da haruffan Turanci. Sunan wasan Scrabble. Wani Ba'amurke mai zanen gine-gine, Alfred Butts, shi ya ƙirƙiro shi a shekarun 1930, sannan a 1948 James Brunot ya raɗa masa wannan suna.

Nijeriya ta yi fice a wannan fage. A watan Nuwamban 2015, a birnin Perth na ƙasar Ostireliya, Wellington Jighere ya doke Lewis Mackay ɗan Ingila da ci 4 da nema, ya zama ɗan Afirka na farko da ya ɗauki kambin duniya.

To, yaya mutum zai riƙe dubban kalmomin harshen da bai sha a nono ba? Gwanayen wasan ba sa bin ƙamus shafi-shafi. Kalmomin suke tarawa dangi-dangi, duk masu haruffa iri ɗaya a jere su zama 'yan gida ɗaya. Ɗauki I, G, H, T. Sa L a gaba ka samu light, sa N ka samu night, da R right, da F fight, da S sight. Kama jela guda, kalmomi biyar sun biyo ka. Haka abin yake ga masu ƙarewa da I, N, G, shi ya sa ɗan wasa in ya ga waɗannan ukun a hannunsa yakan ware su gefe, ya juya sauran huɗun.

Akwai kuma dabarar maƙala harafi ɗaya a jikin kalmar da abokin karawa ya riga ya ajiye. Ya rubuta host, kai ka ɗora G a gaba ta koma ghost. Ya rubuta laughter, wato dariya, ka sa S ta zama slaughter, yanka. Gumin nasa ne, makin kuwa ka kwashe gaba ɗaya.

[Gajeren kiɗa]

Amma inda gizo ke saƙar shi ne a nan. 'Ya'yan wasan 100 ne a cikin jaka, kowa na riƙe da bakwai, kuma duk wanda ya sauke bakwai ɗin a tashi guda yana da garaɓasar maki 50. Saboda haka gwanaye ke haddace wasu haruffa shida masu yawan fitowa: R, E, T, I, N, A. Kowannensu maki ɗaya tak yake ci, sai dai suna da yawa. E kaɗai guda 12 ne a jaka. Ku dubi gwani a zaune, shidan nan na gabansa, ya zura hannu ya zaro C. Nan take ya jera certain. Da P ya zaro, painter ke nan. Da D ne, trained. Da M ne, minaret, hasumiya. Wanda bai sani ba sai ya ce sa'a ce, alhali aikin dare ne da rana.

Harafin Q kuwa maki 10 ne, amma yakan maƙale a hannu idan babu U, kuma U huɗu ne kacal. Masu wayo sun tanadi 'yan kalmomin da ba ruwansu da U, irin su qi da qat da qadi. 

Ni dai ina ganin malaman Turanci a makarantunmu na firamare da sakandare za su ci riba sosai da wannan hanya, ko da kwali aka yanka aka rubuta haruffan. Sai dai a yi hattara da dangin O, U, G, H. A rubuce rough da though da through da cough kamar an tsaga kara, a baki kuwa kowacce da nata furucin. A allo wannan ba ya hana cin maki, amma a aji dole malami ya furta wa yara su ɗaya bayan ɗaya.

Ga aikin gida. Ku ɗauki R, E, T, I, N, A, ku ƙara G. Aƙalla kalmomi uku na ɓoye a ciki, ɗayarsu sunan wani dutse ne mai tauri. Za mu faɗi amsa a shiri na gaba. A huta lafiya.