Tsiron Hanji da Kuɗin Inshora a Amurka

Wani ɗan'uwanmu direban tasi ya rubuto mana daga birnin New York da kuka. Ya ce an gaya masa dubin hanji kyauta ne ga mai inshora, ya tafi lafiyarsa lau, likita ya sami wani ɗan tsiro ya cire, bayan mako uku sai ga takardar bashi daga asibiti. Yana tambaya, shin cutarsa aka yi, ko kuwa haka doka take? Kafin mu amsa masa, bari mu fara da shi tsiron.

Babban hanjin mutum ya kai kamar ƙafa 5 a tsawo. A jikin bangonsa na ciki wani lokaci nama yakan tsiro, wani kamar ƙwayar gero, wani kamar gujiya, wani har da ɗan wuya kamar naman kaza. Galibinsu ba su ciwo, mai su bai ma san yana da su ba. Amma fa akwai irin da in aka bar shi, a hankali cikin shekara 10 ko fiye, yakan rikiɗe ya zama sankara. A 1969 likitoci biyu a New York, William Wolff da Hiromi Shinya, suka soma cire wannan tsiro ba tare da an tsaga ciki ba. Akan zura wani bututu mai laushi mai fitila a baki ta dubura, a zarge tsiron da zaren waya, a saki lantarki ya yanke shi ya kuma tsai da jini. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2012 ya nuna cire irin wannan tsiro ya rage mutuwa daga sankarar hanji da kashi 53 cikin 100.

To, ina kuɗi ya shigo? Kamfanonin inshora sun raba dubi gida biyu. Akwai na rigakafi, watau wanda ake yi wa mai lafiya don shekarunsa sun kai. Akwai kuma na neman cuta, wanda ake yi wa wanda ya zo da jini a bayan gida ko ciwon ciki. Dokar lafiya da Shugaba Obama ya sa wa hannu a 2010 ta ce na rigakafi kada a karɓi ko kwabo daga mai inshora. Sai waɗansu kamfanoni suka ɓullo da dabara, suka ce da zarar likita ya yanke tsiro, aikin ya tashi daga rigakafi ya koma magani, saboda haka mutum ya biya rabonsa. Ku duba fa, mutumin nan yana barci aka canza wa aikin suna. A ganina wannan hujja ba ta da ƙafa, domin ai don tsiron aka shiga tun farko.

Gwamnatin Amurka ma haka ta gani. A 2013 ta bayyana cewa cire tsiro yana cikin aikin rigakafi, ba a raba su. A 2015 ta ƙara da cewa kuɗin maganin sa barci da na binciken naman da aka cire duk na kamfani ne. A 2021 aka sauko da shekarun fara dubi daga 50 zuwa 45, kana a 2022 aka ce wanda aka gwada bayan gidansa aka ga alama, dubin da zai biyo baya shi ma rigakafi ne. Tsofaffin yarjejeniyoyin da aka ƙulla tun kafin dokar 2010 an ɗauke musu wannan sharaɗi, amma sun yi ƙaranci.

Dattawa masu shekara 65 zuwa sama, waɗanda ke ƙarƙashin Medicare, nasu ya ɗan bambanta. Da can kashi 20 cikin 100 suke biya in an cire tsiro. Majalisa ta gyara a ƙarshen 2020, amma mataki mataki: kashi 15 daga 2023 zuwa 2026, kashi 10 daga 2027 zuwa 2029, sa'an nan daga 2030 babu kome.

Yanzu ga shawararmu ga mai wasiƙa. Kada ka yi gaggawar biya. Nemi takardar da kamfanin inshora yakan aiko mai bayyana abin da ya biya da abin da ya ƙi, ka gwada ta da ta asibiti. Sau da yawa laifin na magatakarda ne. Kowane aikin likita yana da lamba, kuma in dubin rigakafi ya kai ga cire tsiro, akwai alamar da ake liƙawa a gefen lambar, 33 ga kamfanoni, PT ga Medicare. In an manta da ita, na'urar kamfani sai ta ɗauka mara lafiya ne ya zo. Buga waya ofishin lissafin likita, ka ce a gyara a sake aikawa. In kamfani ya dage, doka ta ba ka kwana 180 ka ɗaukaka ƙara a rubuce, in ya sake ƙi, kana iya neman masu duba na waje waɗanda hukuncinsu ya hau kan kamfani. Ajiye rahoton likita da na binciken nama, ka kuma rubuta rana da sunan duk wanda kuka yi magana da shi.

Sai dai in ka tafi ne don ka ga jini, to, bashin yana iya zama halal. Haka kuma likita zai ce ka komo bayan shekara 3, ko 5, ko 7, gwargwadon girman tsiron da irinsa, kuma kamfanoni da yawa ba su lissafa wannan komowa cikin rigakafi. Ka tambaye su tun kafin ranar, su ba ka amsa a rubuce. 'Yan'uwanmu na Ingila ba su da wannan damuwa a asibitin gwamnati, amma mai inshorar babbar cuta ya sani galibi ba a biyan diyya a kan tsiron da bai zama sankara ba.

Mu kwana nan, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.