Haɗa Amfilifaya da Hannu: Darasi Daga Zafin Doha

Da wuya gari ya waye a ƙasar Hausa kunne bai ci karo da aikin amfilifaya ba. Ladan da asuba, malamin tafsiri a watan azumi, mai maganin gargajiya a bakin kasuwa, sha'irai a wurin Maulidi, mai kiɗan biki, ɗan siyasa a bayan mota, duk muryarsu ta cikin wannan akwati take bi kafin ta isa lasifika. Sai dai mu lasifikar muke gani, ita muke yabo, ita muke zagi. Akwatin da ke ƙarƙashin mumbari kuwa ba a tunawa da shi sai ranar da ya yi hayaƙi.

A da, haɗa amfilifaya aikin ƙwararrun masu gyaran rediyo ne. Yanzu kayan sun yi arha, ana sayen allon da aka riga aka zana wa hanyoyin wuta a kasuwa ko ta intanet, mutum ya zauna ya liƙa kayan da dalma. Wanda aiki ko karatu ya kai shi Doha yana da wata dama ta musamman. Wutar hukumar Kahramaa ba ta cika ɗaukewa ba, akwai tsofaffin kayan sauti a Souq Al Haraj, kasuwar kayan hannu da ta daɗe da suna a unguwar Najma, akwai kuma wurare irin su Qatar Scientific Club, da aka kafa a 1987, inda matasa ke koyon ƙere-ƙere. Wutar Qatar bolt 240 ce, soket ɗinta mai ƙafa uku ne irin na Ingila, wanda aka saba da shi a Najeriya, don haka abin da aka haɗa a can zai iya zuwa gida ya yi aiki. Amma kafin a kunna ƙarfen dalma, ya kamata a san cewa ƙarfin amfilifaya ba ya cikin lambar da aka rubuta a kwali. Abubuwa uku ne ke yanke hukunci: wutar da ake ciyar da ita, zafin da take iya fitarwa, da lasifikar da aka ɗora mata.

Mene ne aikinta?

Wutar da makirufo ke bayarwa 'yar mitsitsiya ce, ba ta kai ko kusa da bolt ɗaya ba, ba za ta iya motsa lasifika ba. Amfilifaya ba ta ƙirƙirar ƙarfi daga babu. Kamar famfo take a gindin tankin ruwa: tankin shi ne taransifoma ko batiri, famfon shi ne taransista, muryar mai magana kuwa ita ce hannun da ke buɗewa da rufewa. Komai kyan famfo, idan tankin ƙarami ne, ruwan da zai fito kaɗan ne.

Ba'amurke Lee de Forest ne ya ƙirƙiro bututun gilashin da ya buɗe wannan hanya a 1906. A 1927 Harold Black na kamfanin Bell Labs ya gano dabarar mayar da wani ɓangare na sautin da ya fita zuwa mashigarsa domin ya gyara kansa, dabarar da kusan kowace amfilifaya ke amfani da ita har gobe. A ƙarshen 1947 kuma, a wannan kamfani, John Bardeen da Walter Brattain da William Shockley suka kawo taransista.

Haɗawa a gida ma tsohuwar al'ada ce. A 1947 mujallar Wireless World ta Ingila ta buga zanen amfilifayar D.T.N. Williamson, mutane a ƙasashe da dama suka yi ta haɗa ta a ɗakunansu. A ƙarshen shekarun 1990 wani kamfanin Japan mai suna 47 Labs ya fito da wata mai suna Gaincard, ana sayar da ita dubban daloli. Da masu bin diddigi suka buɗe ta, sai suka tarar zuciyarta ƙwaya ɗaya ce mai lamba LM3875, ta 'yan daloli kaɗan, da wasu 'yan kaya da ba su da yawa. Daga nan aka shiga kwaikwayonta a gida. Darasin shi ne, tsari mai tsabta ya fi tarin kaya.

Lambobin kwali

Za ka ga ɗan akwatin da bai fi tafin hannu biyu ba an rubuta masa wat 2,000 ko 5,000, da haruffan PMPO a gefe. Wannan lambar talla ce, babu wata ƙa'ida da aka yarda da ita wajen auna ta. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Lambar da ake dubawa ita ce ƙarfin da na'urar ke iya bayarwa a ci gaba ba tare da sauti ya dagule ba, wadda ake yi wa alama da RMS.

Akwai lissafi mai sauƙi da zai tona asirin kowane kwali. Ga allunan zamani da ake ciyarwa da batiri kai tsaye, ka ninka bolt da kansa, ka raba da ninki biyu na nauyin lasifikar, wanda ake aunawa da om. Batiri mai bolt 12 da lasifika mai om 4: 144 a raba da 8, ya ba da wat 18. Wannan shi ne iyakar abin da za a samu a kowace mafitar lasifika, ko da an rubuta 100, sai fa in allon na da sashen da ke ɗaga bolt a cikinsa. Da bolt 24 kuwa lissafin ya haura 70.

Kunne ma yana da nasa lissafin. Idan ka ninka wat sau biyu, ƙarar za ta ƙaru da desibel 3 ne kawai (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin ƙara), abin da kunne zai ji a matsayin ɗan ƙari. Kafin mutum ya ce ƙara ta ninka, sai an ninka wat kusan sau goma. Shi ya sa lasifika mai ƙaho da wat 15 take cika unguwa, babbar lasifikar ɗaki da wat 100 ba ta wuce tsakar gida. Ƙahon ya fi iya mayar da wuta sauti.

Zafi, babban abokin gaba

Duk wutar da ta shiga amfilifaya ba ta zama sauti ba, zafi take zama. Nau'in da ake kira ajin A, wanda masu son tsantsar sauti ke so, a tsarinsa na yau da kullum kashi 25 cikin 100 kawai yake iya mayarwa sauti. Ajin AB, wanda ya fi yawa a masallatai da wuraren biki, iyakarsa a takarda wajen kashi 78 ne, a aikace kuma ƙasa da haka. Ajin D na zamani yana kai wa kashi 90.

A nan Doha ke koyar da darasi. A watan Yulin 2010 zafinta ya kai digiri 50.4. Tun daga 2021 doka ta hana aiki a fili daga ƙarfe 10 na safe zuwa 3:30 na yamma, tsakanin 1 ga Yuni da 15 ga Satumba. Yawancin zane-zanen da ake samu a intanet kuwa, lissafinsu na ɗaki mai digiri 25 ne. Cikin taransista ba ya jure fiye da digiri 150. Ka ɗauka tana zubar da wat 30 na zafi, kuma da ƙarfen shan zafin da aka ɗaura mata kowane wat yana ɗaga ta da digiri biyu da rabi: ƙarin digiri 75 ke nan. A ɗaki mai na'urar sanyaya za ta tsaya a 100, lafiya lau. A rufaffen akwati da cikinsa ya kai digiri 60, ta kai 135, saura ƙiris. Wanda ya gwada na'urarsa a sanyin ɗaki a Doha, ya aika ta Sakkwato ko Maraɗi ta zauna a kabad ƙarƙashin rufin kwano a watan Afrilu, bai gama gwaji ba.

Kafasita, wato 'yan gwangwanayen da ke ajiye wuta, su ma zafi ke cinye su. Ƙa'idar masu ƙera su ita ce, duk ƙarin digiri 10 yana raba tsawon ransu biyu. Wadda aka rubuta mata awa 2,000 a digiri 85 za ta yi wajen awa 32,000 a digiri 45, amma 8,000 kawai a digiri 65. Saboda haka a nemi masu alamar digiri 105, a nisanta su da ƙarfen shan zafi. Ƙarfen kuwa a sa wanda ya fi abin da zane ya nema girma, haƙoransa a tsaye don iska ta bi ta tsakaninsu ta hau sama, a shafa man isar da zafi siriri, a huda akwati sama da ƙasa, a sa fanka idan da hali. A riƙa kuma kakkaɓe ƙura, domin ta hamadar Qatar da ta hunturun Kano aikinsu ɗaya: toshe hanyar iska.

Wuta da nauyin lasifika

Taransifoma mai ba da bolt 25 a kowane gefe, bayan an daidaita wutar, tana ba da wajen 35. Da wannan, ƙwayar LM3886 na ba da kusan wat 50 a lasifika mai om 8. Amma idan taransifomar ta bolt 220 ce aka sa ta a wutar Qatar mai 240, abin da take fitarwa zai ƙaru da kusan kashi 9 cikin 100, 35 ta koma 38. Kafasita mai alamar bolt 35 za ta iya kumbura ko ta fashe, don haka a sa mai 50. A gida kuma matsalar hawa da saukar wuta ce, da janareta. Inda ake dogaro da sola, ajin D ya fi dacewa. Sai dai a lura: ƙwayar TPA3116 da ta cika kasuwa iyakar aikinta bolt 26 ne, batirin bolt 24 kuwa yana haura 28 lokacin caji.

Abin da ya fi kashe amfilifayar masallaci shi ne ƙarin lasifika ba tare da lissafi ba. Lasifika biyu masu om 8, idan aka haɗa su kan waya ɗaya kafaɗa da kafaɗa, sun zama om 4. Huɗu sun zama om 2. Duk lokacin da om ya ragu, wutar da ake ja ƙaruwa take yi, zafi ya hau. Maganin da kamfanoni irin su TOA na Japan da Ahuja na Indiya suka daɗe da shi shi ne layin bolt 100: kowace lasifika da 'yar taransifomarta, sai a tara wat ɗinsu a tabbatar bai wuce ƙarfin amfilifaya ba. Wannan tsari ya kuma fi dacewa da doguwar waya zuwa hasumiya.

Gyaran da ke da amfani

Masu son yi wa amfilifaya kwaskwarima sukan fara da ƙara taransista ko ɗaga bolt. Ƙara taransista ba tare da canza taransifoma ba ba ya ƙara ƙarfi, raba zafi kawai yake yi. Ɗaga bolt ba tare da duba iyakar kowane kaya ba kuwa gayyatar hayaƙi ne. Gyaran da ake jin amfaninsa shi ne sauya tsofaffin kafasita, ƙara girman ƙarfen shan zafi, raba wayar shigar sauti da wayar wuta, da tara wayoyin ƙasa a wuri ɗaya don kashe gurnanin nan da ake ji ko ba a magana. Sai kuma sa ɗan allon kariya da ke yanke lasifika idan taransista ta mutu, domin in ba haka ba wutar za ta zarce ta ƙone ta.

A kula da jabu. Taransistocin Toshiba masu lamba 2SC5200 da 2SA1943 sun yi suna, shi ya sa na bogi suka yi yawa a kasuwanni, daga na intanet har na gida. Waje ɗaya, rubutu ɗaya, amma ƙwayar cikin ƙarama ce, sai an ɗora mata nauyi ta mutu. Araha ba ta ado. A saya wurin wanda aka yarda da shi.

Tsare rai da lafiya

Bolt 240 yana kisa. A sa fiyus daidai da ƙarfin taransifoma, kada a maye gurbinsa da waya. Akwatin ƙarfe a haɗa shi da wayar ƙasa. Manyan kafasita suna riƙe wuta bayan an zare soket, don haka a auna su da mita, a sauke wutar ta cikin resista kafin a sa hannu. A kunnawar farko kada a haɗa lasifika. A sa ƙwan fitila irin na da, mai zare, na wat 60 ko 100, a kan layin shigar wuta: idan ya haska ya dushe, alama ce mai kyau, idan ya ci gaba da haske sosai, akwai inda waya ta haɗu, kuma ƙwan ya ceci kayanka. Sannan a auna mafitar lasifika, a ga wutar da ke tsaye a wurin ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na bolt ba. Dalma guba ce: a yi aiki inda iska ke shiga, a wanke hannu kafin cin abinci, a hana yara wasa da ita.

Akwai kuma haƙƙin kunne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa fiye da biliyan ɗaya na cikin haɗarin rasa ji saboda sauraron ƙara mai yawa, ta kuma ƙayyade wa baligi desibel 80 na awa 40 a mako. Jin da ƙara ta lalata ba ya dawowa. Murɗa sauti har ya fara karkarwa ba ya sa a ji magana da kyau, yana dagula ta, yana ƙona ƙananan lasifika, yana kuma hana maras lafiya da jariri a maƙwabta barci.

Saboda haka, matashin da ke son wannan sana'a, a Doha yake ko a Sabon Garin Kano, ya fara da ƙaramar amfilifaya ta wat 15 ko 20, ya sayi mita kafin ya sayi manyan taransistoci, ya riƙa rubuta abin da ya auna, ya kuma zauna kusa da wanda ya riga shi a aikin. Kwamitocin masallatai da makarantun Islamiyya su ma, kafin su fitar da kuɗin jama'a, su yi wa mai haɗawa tambaya uku: wat nawa take bayarwa na gaskiya, lasifika nawa za ta ɗauka, kuma ta ina zafinta zai fita? Wanda ya amsa da lissafi, shi ne ya cancanci a ba shi aikin.