Daɗin Abinci ga Mai Rage Maiƙo

Idan likita ya umurci mutum da ya rage ƙiba, ko don hawan jini ko don ciwon sukari, abin da akan fara janyewa daga tukunyarsa shi ne mai. Sau da yawa abin da ke biyo baya sananne ne. Za a riƙa kawo masa miya lami, ya daure mako biyu ko uku, sa'an nan ya koma wa dage-dage da soyayyen nama, ya ce gara ciwon da wannan azaba. Uwargida ita ma tana da nata uzurin, domin a al'adar Bahaushe miyar da mai bai taso a kanta ba shaida ce ta talauci ko ta rowa. Harshen ma ya nuna haka, tun da aikin da ake samun abin duniya a cikinsa shi ake kira aiki mai maiƙo, wanda kuma ya ruɗu da abin da ba shi da amfani akan ce yana yi wa rogo kallon kitse.

Dalilin da ya sa ake fara taɓa mai lissafi ne. Giram ɗaya na mai yana ɗauke da kalori 9, alhali giram ɗaya na sitaci ko furotin kalori 4 ne. Babban cokali guda na man gyaɗa ko man ja ya kai kalori 120, ludayin miya kuwa yana cin cokula da dama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada maiƙo ya wuce kashi 30 cikin 100 na kalorin da babban mutum ke ci a yini, kada kuma irin maiƙon nan mai daskarewa, wanda ya yi yawa a kitse da man shanu da man ja, ya kai kashi 10.

Abin tambaya shi ne, mene ne ainihin aikin mai a cikin abinci? Shi kansa man ba wani daɗi gare shi ba, duk wanda ya taɓa kurɓar man gyaɗa zalla ya san haka. Ayyuka ne yake yi wa sauran kayan miya. Yana narkar da ƙamshin kayan yaji ya riƙe shi a baki, domin yawancin sinadaran ƙamshi, har da wanda ke sa barkono zafi, sun fi narkewa cikin mai a kan ruwa. Yana ba miya jiki da santsi a kan harshe. Yana kuma ɗaukar zafin da ruwa ba ya iya ɗauka, wanda shi ke sa abinci ya yi ja ya yi ƙamshin suya. Wanda ya cire mai bai sa kome a gurbin waɗannan ayyuka ba, lalle lami zai ci. Amma kowanensu yana da wanda zai iya riƙe masa, kuma galibinsu suna cikin madafin Bahaushiya tun kaka da kakanni.

A fara da daddawa, domin ita ce babba. A shekarar 1908 wani masanin sinadarai na Jami'ar Tokyo, Kikunae Ikeda, ya tace wani sinadari mai suna gulutamet daga ciyawar teku da mutanen Japan ke yin romo da ita, ya nuna cewa yana da ɗanɗano nasa na kansa, wanda ba zaƙi ba ne, ba tsami ba, ba ɗaci ba, ba kuwa gishiri ba. Ya raɗa masa suna umami. Turawa sun daɗe ba su yarda da wannan ɗanɗano na biyar ba, sai da aka gano masu karɓarsa a kan harshe wajen shekarar 2000. Ita kuwa mai yin daddawa ta daɗe tana sarrafa shi. Idan ta dafa kalwa, watau 'ya'yan ɗorawa, ta cire ɓawon, ta rufe ta kwana biyu ko uku, ƙwayoyin halitta ne ke farfasa furotin ɗin kalwar, su saki gulutamet mai yawa. Haka abin yake ga daddawar batso da ake yi da 'ya'yan yakuwa. Gaskiya ne kalwa tana da nata man, amma ɗan abin da ke shiga tukunya bai taka kara ya karya ba.

Akwai wani abin lura a nan. A 1913 almajirin Ikeda, Shintaro Kodama, ya gano wani sinadarin a cikin busasshen kifi, daga baya kuma aka tabbatar cewa idan wannan ya haɗu da gulutamet ƙarfin ɗanɗanon yakan ninka sau da yawa, fiye da a ce an tara su biyun kurum. Ke nan matar da ta daka daddawa ta jefa kifin banda ko ƙashin nama a miyar kuka ta yi abin da ɗakin bincike zai yaba. Irin wannan miya cokali guda na mai ya ishe ta. Dunƙulen Maggi da ire-irensa su ma gulutamet suke bayarwa, sai dai gishirinsu ya yi yawa, mai hawan jini kuwa an ce kada gishirinsa ya kai giram 5 a yini, watau ƙaramin cokali guda. Wanda ya rage mai ya ninka dunƙule, ya gudu ne bai tsira ba. Kanwa ma 'yar ɗakin gishiri ce ta wannan fuska.

Game da jiki da santsi, nan ne miyar gargajiya ta fi ta zamani sauƙin gyara. Kuka da kuɓewa da karkashi da lalo duk suna da yauƙi, wanda yake lulluɓe harshe kusan yadda mai ke yi, ga shi kuma kalorinsa kaɗan ne ƙwarai. Kabewa idan ta narke a miyar taushe tana ba da kauri, haka dafaffen wake idan an dame shi. Miyar dage-dage ce mai wuyar sha'ani, domin ginshiƙinta suyar tumatir cikin mai. Hanyar da ta fi dacewa da ita ita ce a dafa jajjagen shi kaɗai har ruwan ya ƙone, tsamin ya mutu, ya yi kauri, kana a soya shi da ɗan mai kaɗan. Yawan man da akan zuba tun farko, rabinsa jiran ƙonewar ruwa kawai yake yi.

Sai ƙamshin suya. A 1912 wani Bafaranshe, Louis-Camille Maillard, ya bayyana yadda furotin da sukari ke haɗuwa cikin zafi su haifar da launin ja da ƙamshi iri-iri. Wannan haɗuwa ba ta yin sauri sai zafi ya kai wajen digiri 140, ruwa kuwa ba ya wuce 100, shi ya sa dafaffen nama yake fitowa fari. To amma garwashi yana kai wannan zafi ba tare da ɗigon mai ba. Balangu da gasasshen kifi da gasasshiyar masara duk shaida ne, kuma Hausa tana da kalmar da ta dace da abin, watau garɗi. Wanda aka hana soyayyen nama yana iya yanke kitsen, ya gasa tsokar, ko ya fara gasa ta sama-sama kafin ta shiga miya. Tattasai da albasa da tumatir su ma idan an babbaka su kafin niƙa, miyar takan canza baki ɗaya. Citta da kanumfari da masoro da kimba kuwa, a ɗan ɗumama su a busasshen kasko, a daka a lokacin da za a yi amfani da su, domin dakakken yajin da ya yi wata uku a gwangwani ya riga ya sallama rabin ƙamshinsa ga iska. Hanci ne ke ɗaukar mafi yawan abin da ake kira daɗi, kamar yadda mai mura zai ba da labari.

Tsami yana farkar da abincin da ya kwanta: tsamiya a kunu, yakuwa a fate, lemon tsami a kan kifi bayan an sauke. Mai shan fura kuma ya san bambancin kindirmo da tsala, wadda aka kaɗe aka cire mata man. Tsala da citta da ɗan barkono ba ta rasa armashi, muddin ba a cika ta da sukari ba. Wannan shi ne kuskuren da masana'antun Amurka suka yi a shekarun 1980 da 1990, lokacin da suka cika kasuwa da kayan ci marasa maiƙo amma cike da sukari da sitaci, ƙiba kuwa ta ci gaba da ƙaruwa a ƙasar. Malmalar tuwo uku da miya marar mai ba za ta rage wa kowa teɓa ba.

Ɗan man da ya rage, inda aka sa shi ya fi yawansa muhimmanci. Dabarar tsofaffi ita ce a soya man shanu da albasa, a ɗiga shi a kan miya bayan an zuba a kwano. Ƙaramin cokali guda, kalori 40 ko kusa da haka, idan yana sama shi harshe da hanci za su fara tararwa, har mai ci ya yi santi, alhali ludayi guda da ya ɓace cikin tukunya ba ya yin wannan tasiri. Kuma bai kamata a kore mai ƙaf ba. Bitamin A da D da E da K cikin mai suke narkewa, kuma sinadarin da jiki ke juyawa ya zama bitamin A, wanda ke cikin zogale da alayyafo da karas, ba ya shiga jini sosai sai da ɗan maiƙo a tare da shi. Kwaɗon zogale yana samun wannan daga ƙuli-ƙuli, wanda ko da an matse gyaɗar, ai cikin mai aka toya shi. Saboda haka man da akan ƙara tsiyayawa a kan kwaɗo shi ne za a bari, a daka ƙuli-ƙulin da yaji, a yanka albasa da tumatir, a matsa lemon tsami.