Binciken Jerin Laƙabobi a Fihirisa Mai Hawa-hawa: Misali Daga Jihar Katsina

1.0 Gabatarwa

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu bayyana yadda ake gane ko laƙabobin fihirisa mai hawa-hawa suna jere daidai a cikin pandas, wato manhajar nazarin alƙaluma da Wes McKinney ya fara ginawa a 2008.

2.0 Fihirisa Mai Hawa Biyu

Mu ɗauka cewa malami a birnin Katsina ya tsara jadawalin yawan ɗaliban firamare na ƙananan hukumomi 34 na jihar. Hawa na farko sunan ƙaramar hukuma ne, na biyu kuwa shekara. Jerin yana cika ne idan sunaye sun bi juna, kuma shekaru sun bi juna a ƙarƙashin kowane suna.

3.0 Hanyar Bincike

A da, ana amfani da is_lexsorted, amma an hore a bar shi a 2021, aka cire shi a bugu na 2.0 a 2023. Yanzu is_monotonic_increasing ake tambaya, ya amsa da i ko a'a. In amsar a'a ce, manhajar takan ƙi yanko layuka daga wani suna zuwa wani, har sai an jera da sort_index.

4.0 Matsalar Haruffa Masu Lanƙwasa

A nan gizo ke saƙa. A abacadar Hausa, Ɗ na bin D, kuma Ƙ na bin K. Ita kuwa kwamfuta lambar harafi take dubawa a tsarin Unicode, inda Ɓ da Ɗ da Ƙ suke bayan Z. Saboda haka jerin da Bahaushe ya ga ya yi daidai, a wurinta a hargitse yake. Bayan ta jera da kanta, in muka nemi layukan Daura zuwa Faskari, za ta ba mu Daura, Dutsi, Dutsin-Ma da Faskari. Ɗan Musa da Ɗandume da Ɗanja sun koma bayan Zango, kuma ba za ta yi wani gargaɗi ba. Ke nan jimlar da za a raba littattafai da ita ta rasa ƙananan hukumomi uku.

5.0 Kammalawa

Shawararmu ita ce a ba kowace ƙaramar hukuma lamba bisa abacadar Hausa, a mai da lambar hawa na farko, a jera, a bincika, sannan a ƙirga ƙananan hukumomin da suka fito kafin a amince da jimla.