Idan Intanet na Gida Ya Yi Nauyi: Yadda Za Ku Gano Inda Matsalar Take

A Arlit da Akokan intanet ya shiga cikin bukatun gida. Da shi ake gaisawa da ƴan uwa na nesa, da shi ake aika takardun neman aiki, da shi yara suke bincike a kan darasinsu. Tun da aka rufe mahaƙar yuraniyom ta COMINAK ranar 31 ga Maris 2021, magidanta da dama sun tafi neman abinci a wasu garuruwa, kuma waya ce ke haɗa su da iyalansu.

Sai dai sau da yawa intanet yakan yi nauyi, ko ya riƙa yankewa. A nan ne mutane suke asarar kuɗi. Wani ya sake sayen mega, wani ya sayi sabuwar waya, alhali matsalar tana wani wuri dabam. Wannan darasi zai nuna muku yadda za ku bincika da kanku, daga abin da ke hannunku zuwa abin da ke nesa, kafin ku kashe ko dala ɗaya.

Ta ina saƙo yake bi?

Saƙon da kuka aika yana yin doguwar tafiya, zango bayan zango, kamar ayari. Zango na farko shi ne wayarku ko kwamfutarku. Na biyu shi ne akwatin Wi-Fi, idan kuna da shi a gida. Na uku shi ne doguwar eriyar kamfanin waya da ke unguwarku. Daga eriya saƙo yakan kama hanyar kudu, ya wuce Agadas, mai nisan kilomita wajen 240 daga Arlit, ya nufi manyan na'urorin kamfani. Nijar ba ta da teku, saboda haka sai saƙon ya ratsa ƙasashe maƙwabta, kamar Benin ko Nijeriya, kafin ya kai ga manyan wayoyin da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku.

Idan zango ɗaya ya sami cikas, tafiyar duka takan tsaya. Aikinku shi ne ku gano wane zango ne.

Mataki na 1: Ku duba wayar

Ku kashe wayar gaba ɗaya, ku jira kamar minti ɗaya, sannan ku kunna ta. Wannan kaɗai yakan warware matsaloli da yawa, domin wayar za ta sake neman eriyar da ta fi ji da ƙarfi.

Bayan haka ku dubi saman fuskar wayar. Za ku ga ƴan sanduna, kuma kusa da su akwai harafi ko lamba. Sandunan suna nuna ƙarfin rezo, wato yadda wayar take jin eriya. Harafin kuwa yana nuna irin hanyar da kuke kai. Harafin E hanya ce mai nauyi ƙwarai, wadda da ƙyar take ɗaukar hoto. H ko 3G ta fi ta sauri. 4G ta fi su duka. Ku lura: cikar sanduna ba ta nufin intanet zai yi sauri. Tana nufin kawai wayar tana jin eriya sosai.

Ku tabbata ba a danna alamar jirgin sama ba, domin tana rufe rezo baki ɗaya. Idan wayar ta cika da hotuna da bidiyo, ku share waɗanda ba ku bukata. Wayar da ta cika takan yi nauyi ko da rezo yana da kyau.

Ga gwaji mai sauƙi: ku ari wayar wani a gidan, wadda take kan layin kamfani ɗaya da taku. Idan tasa tana aiki taku ba ta yi, matsalar tana wayarku ko layinku. Idan duka biyun ba sa yi, ku wuce gaba.

Mataki na 2: Ku duba megan da ya rage

Ana auna intanet da mega da jiga. Jiga ɗaya mega wajen 1,000 ne. Duk kuɗin intanet da kuka saya yana da adadi, yana kuma da wa'adi: na yini, na mako ko na wata. Idan wa'adin ya cika, intanet yakan tsaya ko da ba ku cinye megan ba. Kowane kamfani yana da lambar da ake dannawa don ganin abin da ya rage. Ku tambayi mai sayar da kati ya rubuta muku ita.

Bidiyo shi ne babban mai cin mega. Saƙon rubutu kaɗan yake ci, saƙon murya ya fi shi, kiran bidiyo ya fi su duka. A cikin WhatsApp akwai wurin da za ku hana hotuna da bidiyo sauka da kansu. Idan ba ku san wurin ba, ku nemi wani ya nuna muku. Matambayi ba ya ɓata.

Mataki na 3: Ku duba akwatin Wi-Fi

Wurin da aka ajiye akwatin yana da muhimmanci. Katanga mai kauri, ta laka ko ta siminti, tana rage ƙarfin rezo. Rufin kwano da ƙofar ƙarfe sun fi rage shi. Ku ɗora akwatin a wuri mai tudu, kusa da taga, ta wajen da eriya take. Kada ku sa shi a ƙasa, ko cikin kabad, ko bayan talabijin.

Ku ƙidaya wayoyin da suke kan akwatin. Intanet na gida kamar famfo ɗaya ne: idan mutum goma suna jiran ruwa a lokaci guda, kowa kaɗan zai samu. Idan lambobin sirrin akwatin sun bazu a unguwa, ku canza su.

Mataki na 4: Wuta, zafi da ƙura

Wutar lantarkin Arlit da Akokan tana zuwa ne daga tashar SONICHAR ta Anu Araren, kusa da Cirozerin, inda ake ƙona gawayin ƙasa. Idan aka ɗauke wuta, akwatin Wi-Fi yakan mutu, kuma idan ta dawo yana bukatar ƴan mintoci kafin ya sake kama rezo. Yana da kyau ku cire shi daga soket idan wuta ta tafi, domin wani lokaci takan dawo da ƙarfin da zai ƙona shi. Ƙaramin batiri ko faifan hasken rana yana iya riƙe akwatin na wasu sa'o'i.

Zafi ma yana da nasa laifin. A watannin Mayu da Yuni zafin Arlit yakan wuce digiri 40, alhali yawancin wayoyi an ƙera su ne don su yi aiki a ƙasa da digiri 35. Idan waya ta yi zafi sosai, takan rage saurinta da kanta don kada ta lalace. Ku ajiye ta a inuwa, ku cire mata riga, kada kuma ku yi kallon bidiyo tana kan caji. Ƙura kuwa tana toshe ƴan ramukan da akwatin yake shan iska ta cikinsu. Ku riƙa goge shi da busasshen ƙyalle, kada ku sa ruwa.

Mataki na 5: Eriyar unguwa

Idan komai na gida lafiya yake, ku tambayi maƙwabta. In su ma suna kuka, matsalar ta fita daga hannunku. Eriya ɗaya mutane da yawa ne suke raba ta. Shi ya sa intanet yakan yi nauyi bayan sallar magariba, lokacin da kowa ya koma gida, ya kuma yi sauƙi da asuba. Idan kuna da takarda mai muhimmanci da za ku aika, ku aika ta da sassafe.

Eriya ma tana bukatar wuta. Tana da batura da janareto, amma idan rashin wuta ya daɗe, ita ma tana iya tsayawa.

Kamfanoni huɗu ne suke ba da layin salula a Nijar: Airtel, Moov Africa, Zamani Telecom da Niger Telecoms. Ƙarfin kowanne ya bambanta daga unguwa zuwa unguwa. Kafin ku sayi sabon layi, ku gwada na wani a cikin ɗakinku. Gani ya kori ji.

Mataki na 6: Doguwar hanya

Tsakanin manyan garuruwa saƙo yana bi ta zaren gilashi, siriri kamar gashi, wanda ake binnewa a ƙasa. Masu haƙa rami ko ambaliyar ruwa suna iya tsinka shi, sai gari guda ya rasa intanet. Wani lokaci ma matsalar tana wajen ƙasar. Ranar 14 ga Maris 2024 manyan wayoyi huɗu sun lalace a ƙarƙashin teku, daura da gaɓar Kodibuwa, kuma intanet ya yi rauni a ƙasashe da dama na Afirka ta Yamma, har da Nijar. A irin wannan rana sayen sabon mega asara ce. Sai haƙuri har a gyara.

Domin a ƙara hanyoyin fita ne aka tsara shimfiɗa zaren gilashi daga Arlit zuwa Asamaka, a kan iyakar Aljeriya, da taimakon Bankin Raya Afirka. Haka kuma tun shekarar 2025 Starlink yana aiki a Nijar ta hanyar tauraron ɗan Adam. Shi ba ya bi ta eriyar unguwa, amma yana da tsada, yana bukatar wuta, kuma dole faifansa ya kalli sarari ba tare da wani abu ya tare shi ba.

Idan za ku kai ƙara

Idan matsalar ta wuce kwana biyu ko uku, ku rubuta ranaku da lokutan da intanet ya yanke, da harafin da kuka gani a saman wayar. Ku kai wannan takarda ofishin kamfanin. Bayani a rubuce ya fi saurin samun amsa. Idan ba a saurare ku ba, akwai hukumar ARCEP, wadda take sa ido a kan kamfanonin sadarwa a Nijar.

Ku yi hattara da masu kiran waya suna cewa za su ƙara muku saurin intanet idan kun ba su lambobin sirrinku. Ma'aikacin gaskiya ba ya tambayar lambobin sirri.

Abin tunawa

Ku fara da waya, sannan mega, sannan akwati, sannan wuta. Waɗannan huɗu suna hannunku. Eriya da doguwar hanya kuwa aikin kamfani ne. Kada ku fitar da kuɗi sai kun san zangon da saƙonku ya tsaya.