Mata a Majalisar Wakilai ta Ƙasar Jodan

A wannan mako za mu leƙa ƙasar Jodan, wadda Larabawa ke kira Urdun, mu ga yadda mata suka sami shiga Majalisar Wakilai. Sarki ne ke mulkin ƙasar, shi ke naɗa Firayim Minista da 'yan Majalisar Dattawa, jama'a kuwa Majalisar Wakilai kaɗai suke zaɓe.

Tun cikin 1974 Sarki Husaini ya ba mata izinin jefa ƙuri'a da tsayawa takara, amma ba a yi babban zaɓe ba sai cikin 1989. Mata 12 suka tsaya, ba ko ɗaya da ta ci. A cikinsu akwai Tujan Faisal, ma'aikaciyar talabijin, wadda ta yi suna wajen magana a kan dukan mata da auren mace fiye da ɗaya. Wani rubutu da ta yi a jarida ya fusata waɗansu, har suka kai ta kotun shari'a a Amman bisa tuhumar ridda, suna neman a raba aurenta, a karɓe 'ya'yanta, a kuma halatta jininta. Kotu ta kori ƙarar. Mu a ganinmu alƙali ya yi daidai, domin kafirta Musulmi ba abin wasa ba ne, balle a mayar da shi makamin neman ƙuri'a. Cikin 1993 Tujan ta sake tsayawa ta ci, ta zama mace ta farko da aka zaɓa a majalisar. A zaɓen 1997 ta faɗi, ba wata mace kuma da ta ci.

Ganin haka, cikin 2003, zamanin Sarki Abdullahi na Biyu, aka keɓe wa mata kujeru 6 daga cikin 110. To, a nan ne abin ya zo da ba-zata. Ba yawan ƙuri'un mace ake dubawa ba, sai dai kason da ta samu daga cikin ƙuri'un mazaɓarta. Saboda haka mace daga ƙaramar mazaɓa wadda danginta suka tsaya mata ta fi 'yar birni damar ci. Matan Amman masu ƙungiyoyi, waɗanda suka daɗe suna fafutukar neman kujerun, ba su sami ko ɗaya ba, alhali lardin Tafila ya sami biyu. A cikin shidan har da Hayat al-Masimi ta garin Zarka, 'yar jam'iyyar Jabhatul Amalil Islami, watau jam'iyyar Ikhwanul Muslimin.

Malamai sun daɗe da saɓani a kan wannan mas'ala. Cikin 1952 kwamitin fatawa na Azhar ya hana mace shiga majalisa, ya kafa hujja da hadisin Abu Bakrata da ke cikin Bukhari game da mutanen Farisa da suka naɗa 'yar Kisra sarauta. Daga baya Shaihu Yusuf al-Ƙaradawi da waɗansu suka ce hadisin shugabancin ƙasa gaba ɗaya yake nufi, aikin wakili kuwa shaida ne da nasiha da umurni da kyakkyawa, kuma Allah bai keɓe maza da waɗannan ba. Fahimta ta biyu ce jam'iyyar ta bi a aikace. Ba ma musun akwai lissafin siyasa a ciki, gama wanda ya ƙi tsayar da mata ya bar wa abokan hamayya kujerun a banza.

Kada kuma mai karatu ya zaci shigar mata ita ce ke sauya hukunci nan take. A cikin wannan shekara ta 2003, da mata shida a zaune, majalisa ta ƙi amincewa da dokar wucin gadi ta khul'i, wadda ta ba mace damar fansar kanta a kotu ba da yardar miji ba. Sai cikin 2017 majalisa ta soke sashe na 308, wanda ke yafe wa mai fyaɗe hukunci in ya auri wadda ya yi wa.

Kujerun mata sun ƙaru zuwa 12 cikin 2010, sa'an nan 15. Dokar zaɓe ta 2022 ta mai da su 18, ta kuma wajabta wa kowace jam'iyya sanya mace cikin sunaye uku na farko a jerin 'yan takararta na ƙasa. A zaɓen watan Satumba na 2024 mata 27 suka ci daga cikin kujeru 138. Jabhatul Amalil Islami ta zo ta ɗaya da kujeru 31, takwas daga ciki na mata ne. Sai dai kashi 32 cikin ɗari kawai na masu ƙuri'a suka fita, kuma a watan Afrilu na 2025 gwamnati ta haramta ƙungiyar Ikhwan, 'yan sanda suka binciki ofishin jam'iyyar a Amman.